Baƙin Mai a Takin Matan Kasuwa

Da sanyin safiyar Laraba Najeeba ta tura ƙyauren filin taki da ke bayan unguwar Hammadu Kafi, wari ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Ba warin ruɓaɓɓen tumatir da ta saba da shi ba ne, warin gareji ne. Tulin taki shida da suka yi wata huɗu suna juyawa, kowanne an yi masa wanka da baƙin mai, yana ƙyalli kamar sabuwar kwalta. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Najeeba ce shugabar ƙungiyar, su goma sha huɗu, dukansu masu shara a Kasuwar Gombe. Su suke kwashe ruɓaɓɓen kayan gwari da ɓawon albasa da ganyen da 'yan kasuwa suka watsar, su turo a baro zuwa filin nan, su rufe da ƙasa da toka har ya zama taki. Manoman garin Kwadon sun riga sun ce a ajiye musu kafin ruwan fari. Ranar Asabar kuma wani kamfani mai suna Albarkar Ƙasa zai zo ya ƙulla yarjejeniya da su, ya ba kowace mace katin aiki da safar hannu da takalmin roba, ya riƙa ɗaukar takin duk shekara.

Kafin hantsi unguwa ta hallara, kuma kowa ya riga ya san mai laifi. Katangar filin ta haɗu da garejin Onyeka, bakaniken da ya shekara ashirin da huɗu a Gombe. Wa yake da baƙin mai in ba bakanike ba? Wa ya yi ta faɗa da matan kan ƙudaje a watan jiya? Matasa suka fara tsintar duwatsu. Jauro Abdulhamid, mai unguwa, ya tsaya a gaban garejin da sandarsa ya ce duk wanda ya yi jifa da shi ya yi. Sannan ya ce a kira masa Bubayero.

Bubayero ya haura sittin. A ruga ya tashi, can gefen Kwadon, inda ya koyi bin sawun shanun sata tun bai kai aure ba. Shanun gidansu sun ƙare, matarsa ta rasu shekara bakwai da suka wuce, 'ya'yansa biyu suna Kudu, waya sai salla-salla. Ɗaki ɗaya yake haya, shi da tabarmarsa da butarsa. Ba a tuna shi sai abu ya ɓata.

Ya zo bai yi wa kowa doguwar gaisuwa ba. Ya dubi gaban filin ya girgiza kai, ƙafafun jama'a sun tattake komai. Sai ya zagaya bayan tulin, inda wata siririyar hanya ta bi jikin katanga har zuwa wata ɓaraka da ke fita bayan garejin. Nan babu wanda ya taka. Yashi ne mai laushi, irin wanda ko ƙadangare ya wuce sai ya bar shaida. Amma babu sawu ko ɗaya. An share hanyar tas, daga tuli na farko har ɓarakar.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallon layukan da tsintsiya ta bari. Ya matsa gaba, ya sake tsugunawa.

"Me ka gani, Bappa?" in ji Najeeba.

"Na ga an yi shara," ya ce. "Kada kowa ya taka nan. A jera duwatsu a tare hanyar."

*

Ya sami Onyeka zaune a kan tsohuwar taya, matarsa Ndidi tana tsaye a bayansa da jajayen idanu.

"Baba, man nawa ne, ba zan ɓoye maka ba," Onyeka ya ce. "Ga duro can a baya. Duk man da na juye daga mota nan nake tara shi, wani mutumin Kano yana zuwa ya ɗauka su tace. Jiya ya kusa cika. Yau dubi."

Bubayero ya leƙa. Duron ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku.

"Kana kulle shi?"

"Wa yake satar baƙin mai?"

"An ce ka yi faɗa da matan."

"Na yi. Ƙudaje suna damun masu cin abinci a rumfar madam. Suka ƙara toka, magana ta wuce. Ita kanta madam ɓawon doyarta su take ba." Ya share gumi. "Baba, a garin nan na haifi 'ya'yana uku. Yau yaran da na gyara wa babura kyauta su ne suka riƙe min dutse."

Bubayero ya duba gindin duron. Mai ya ɗiga a wuri ɗaya, ɗigo bisa ɗigo, wani ya bushe wani bai bushe ba. An yi ta dawowa ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Ya dubi damatsan Onyeka, mutumin da yake ɗaga giyar mota shi kaɗai. Da shi ne, da jarka biyu ya gama.

"Ka zauna a gida yau," ya ce.

*

Sunan da aka fi ambata bayan na Onyeka shi ne na Abdulaziz, shugaban 'yan bola na yankin. Mutane uku sun ji shi ranar Litinin yana cewa takin nan ba zai yi albarka ba. An kuma ga sawun kurar da yake tura bola da ita a gefen ƙyaure, inda jama'a ba su tattake ba.

Bubayero ya same shi a juji, cikin zafin azahar, yana ware robobin ruwa daga gwangwanaye.

"Na faɗa," Abdulaziz ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kuma ban janye ba. Mu muke tsame musu leda da kwalba daga cikin kayan gwarin nan kafin su binne. In ba mu ba, takin nasu rabi roba ne. Yanzu kamfani ya zo, an rubuta sunaye, mu ko tambayarmu ba a yi ba. In abu ya ɓata a unguwa, ɗan bola. In alheri ya zo, babu ɗan bola."

"Kurarka ta je filin."

"Jiya da la'asar, na kwaso robobi. Ka je ka duba, sawun akuyoyin yamma yana bisa nawa."

Bubayero ya riga ya duba, haka ne. Ya tsaya yana kallon yadda mutumin yake ture tarkace da gefen ƙafa.

"Kana da tsintsiya, Abdulaziz?"

Abdulaziz ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, ni a juji nake kwana. Me zan share?"

*

A bakin layin akwai mai shayi da yake hura wuta tun kiran sallar farko. Bubayero ya zauna a bencinsa.

"Wa ya wuce nan da asuba?"

"Babu kowa, Bappa. 'Yan sanda ma sun tambaye ni. Daga liman sai masu zuwa masallaci, kuma duk na san su."

"Ba wanda ya bi ta lungun gareji?"

"Ko ɗaya."

"Masu shara fa?"

Mai shayin ya dakata da ludayi a hannu. "To, ai su kullum suna wucewa. Wa yake kallonsu?"

"Wacce ta wuce yau?"

Ya yi tunani har ruwan ya tafasa. "Wallahi ban sani ba. Mace dai, da tsintsiya."

Bubayero ya sha shayinsa a hankali. Shi ma ya san irin wannan wucewar. Sau nawa yake ratsa unguwar nan daga farko har ƙarshe ba wanda ya ɗaga ido?

Da yamma ya koma wurin Najeeba. Tana zaune a ƙofar filin, ta zuba wa tulin ido.

"Sunayen da kuka ba kamfani, nawa ne?"

"Goma sha uku."

"Na ji ku goma sha huɗu ne."

Ta sunkuyar da kai. "Sun ce sai mai katin ɗan ƙasa, kuma kada ta wuce shekara sittin, wai saboda inshora. Adda Jumma ba ta da kati, shekarunta kuma ita ma ba ta san su ba. Na roƙe su, Bappa, suka ce doka ce daga sama."

"Kin gaya mata?"

"Ina ta neman bakin da zan faɗa da shi. Ita fa ta fara wannan aikin. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ita kaɗai take turo baro nan, ana ce mata mahaukaciya mai tara ruɓa. Ita ta koya mana yawan tokar da ake sawa. Na ce bari a sa hannu tukuna, sai mu san yadda za mu yi da ita."

"Sauran sun sani?"

"Duka sun sani."

Bubayero ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

*

Washegari yana idar da sallar asuba ya nufi kasuwa. Gari ya fara haske, rumfuna a rufe, masu sharar sun bazu a layukan 'yan gwari, kowacce da nata layin. Ya zauna a kan wani tebur ya yi kamar mai jiran mota. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya.

A layin ƙarshe, na 'yan albasa, wata tsohuwa ce ƙarama, siririya, da ɗankwali mai ruwan toka. Tana shara a hankali. In ta yi taku biyar ko shida sai ta tsaya, ta dogara da tsintsiyar, ta miƙe bayanta da ƙyar. Sauran matan suna hira da juna daga layi zuwa layi. Ita ba mai yi mata magana, ba don ƙiyayya ba, sai don kowacce tana tsoron abin da za ta tambaya.

Bayan ta wuce, ya je ya tsuguna a inda ta share. Ya daɗe a tsugune, ya fi yadda aikin yake buƙata.

Sau da yawa a daji ya bi sawu kwana uku yana addu'ar ya cim ma mai shi. Yau ya cim ma, kuma da za a ba shi zaɓi da ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa. Amma a daren jiya an jefi rufin Onyeka sau biyu, Ndidi ta kwashe yara ta kai gidan 'yar'uwarta.

*

Bayan la'asar Jauro Abdulhamid ya tara su a filin: matan ƙungiya, da Onyeka, da Abdulaziz, da mutanen unguwa da suka cika bakin ƙyaure. Bubayero ya tsaya kusa da duwatsun da suka tare siririyar hanyar.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Jauro, "wanda ya yi aikin nan ba ƙaƙƙarfa ba ne. Da ƙaramin galan ya yi ta jido man, ya fi sawu goma. Onyeka ba ya buƙatar haka. Abdulaziz kuma tun la'asar ya bar nan, ƙasa ta shaida."

"To wane ne?" wani ya ɗaga murya daga baya. "Ai ka ce an share sawun!"

"An share na ƙafa. Na tsintsiya yana nan." Bubayero ya nuna da sandarsa. "Mai sharar da baya-baya ya tafi, yana goge takunsa har ɓaraka. Ku dubi layukan. Mai shara da hannun dama yana tura ƙasa zuwa hagunsa. Waɗannan duk dama suka kwanta, hannun hagu ne ya yi su. Sannan ku dubi nan, da nan, da can. Duk bayan taku biyar akwai gurbi zagayayye, inda aka dogara da tsintsiya aka miƙe baya. Kuma babu inda aka maimaita, babu inda aka tsallake. Wannan hannun ya yi shekaru yana shara."

Matan ba su dubi juna ba. Dukansu ƙasa suke kallo, don dukansu sun san bahaguwa ɗaya ce a cikinsu.

Bubayero ya ɗauki wata tsintsiya da ke jingine da katanga. "In Jauro ya yarda, kowacce ta share mana taku goma."

"Ajiye ta, Bubayero."

Adda Jumma ce. Ta fito daga bayan matan, tana tafiya a hankali, ta tsaya a tsakiya.

"Ba sai ka wahalar da yaran nan ba. Ni ce."

"Adda!" Najeeba ta dafe ƙirji.

"A bakin mai tumatir na ji," tsohuwar ta ce. "Ranar Lahadi. Ya ce, Adda, ashe an yi miki ritaya? Na yi dariya, na ce wasa yake. Litinin na jira ɗayarku ta faɗa min. Talata na jira. Muka ci ɗanwake a kwano ɗaya, Najeeba, kina ba ni labarin takalman roba. Ba cire sunan ne ya ƙona ni ba. Na san na tsufa. Amma a ce mutum goma sha uku, ba wadda za ta dube ni ta ce, Adda, ga abin da ake ciki?" Ta juya ta kalli tulin. "Ba ni da ɗa, ba ni da jika. Wannan ne abin da na haifa. Na ce tunda ba nawa ba ne, kada ya zama na kowa. Shaiɗan ne da baƙin ciki, kuma tun ina zuba galan na uku na san na yi asara."

Sai ta juya wurin Onyeka. "Kai ne ban yi tunaninka ba, ɗana. Da na ji an riƙe maka dutse, na so in fito, ƙafata ta ƙi. Ka yafe min."

Onyeka ya dubi matasan da ke bakin ƙyaure, suka kawar da kai.

"Mama, ke mai kika ɗiba," ya ce. "Ba ke kika jefi rufina ba." Ya juya ga Jauro. "Ranka ya daɗe, ni ban kai ƙara ba. Kada a kai tsohuwa ofishin 'yan sanda saboda ni."

Jauro ya ce takin na matan ne, su za su yanke. Najeeba tana kuka ta ce ba su da bakin kai ƙara.

*

Adda Jumma ce ta nuna musu abin yi. Man bai ratsa can ciki ba, in ji ta, a kankare saman kamar kamu biyu a ware shi, kada ya taɓa gona. Abdulaziz ya kawo mutanensa shida da shebur ba tare da an roƙe shi ba. Suka wuni ranar Juma'a suna aiki. Aka tsira da abin da ya haura rabi. Tsohuwar ta yi aiki tare da su har magariba, a gefe ita kaɗai. Da aka kawo abinci aka kira ta, ta ce ta ƙoshi.

Ranar Asabar mutanen kamfani suka zo da takardunsu. Najeeba ta ce musu ba za a sa hannu ba sai an ƙara suna ɗaya a sama, na Adda Jumma, wadda za ta riƙa duba taki tana koyar da sababbi, ba sai ta tura baro ba, da kuma sunayen masu tsame roba su bakwai. Suka ce ba a yin haka. Ta ce to manoman Kwadon suna nan, da ma su suke saya tun kafin a san da kamfani. Aka yi mako biyu ana kai da komo. Jauro ya rubuta takardar shaida a madadin katin da babu. A ƙarshe kamfanin ya yarda.

A cikin makonnin nan ba a ga Adda Jumma a kasuwa ba. An ce ba ta jin daɗi. Babu kuma wadda ta iya zuwa ta gaya mata ana neman a saka sunanta.

Ranar da katunan suka iso, Najeeba ta zo ɗakin Bubayero da hantsi, ta miƙa masa ɗaya.

"Bappa, kai ka kai mata. Ni har yanzu kunyarta nake ji."

Ya karɓa. Ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya bi lunguna har gidan da take haya a ƙarshen unguwa, bakin kwari. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Babu tabarma, babu tukunya, ƙusa ce kawai a bango. Matar gidan ta ce tun da sassafe ta fita da ƙullin kaya, ta biya ta yi mata sallama, ba ta faɗi inda za ta ba. Ba ta taɓa jin ta ambaci wani gari ko wani dangi ba.

Sawun yana nan a yashin ƙofar gida, silifa ƙanana, na hagu ya fi cinyewa. Bubayero ya bi shi. Ya ratsa bayan makarantar allo, ya gangara ta gefen kwari, ya ga inda ta ajiye ƙullin ta huta, ya ga inda ta sake ɗauka. Bai taɓa bin sawu da sauri irin haka ba. A bakin babban titi yashi ya ƙare, kwalta ta fara.

Ya tambayi masu Keke da ke jiran fasinja. Ya tambayi mai sayar da rake. Ya tsallaka ya tambayi ɗan kamashon motocin da ke lodi.

"Tsohuwa, ƙarama, da ɗankwali mai ruwan toka."

"Baba, tsofaffi nawa suke wucewa nan tun safe?" ɗan kamashon ya ce, ya juya yana kiran fasinja.

Bubayero ya tsaya a gefen titi da katin a hannu, motoci suna wucewa gabas da yamma. Ya dubi katin. An rubuta sunanta daidai, da manyan baƙaƙe. Gurbin hoton ne kawai babu komai, an bar shi sai ta zo a ɗauka.